Gundumar Kance: ƙasar rake da gawo, da yaranta da ke kan hanya

Matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya yi yamma, in ya kai Takeita sai ya karya kudu. Hanyar kwalta za ta kai shi Kance, daga nan Matamaye, daga nan Ɗan Barto, bakin iyakar Nijeriya ta wajen Daura. Wannan ita ce gundumar Kance. Matamaye ne babban garinta.

Ƙasa ce mai kyaun gani. Akwai koramu da fadamu. A wajen Dungu ana noman rake da kayan lambu, motoci na zuwa ɗauka. A tudu kuwa hatsi ne da dawa da wake. A da, ƙasar gujiya ce sosai. Tsofaffi ba su manta da shekarun da ake jibge buhunan gujiya a kasuwa ba. Farin 1973 da ciwon da ya kama gujiya a 1975 su ne suka karya wannan noman.

Jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan

Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan dubu 400 a gundumar, ga ta kuma ƙarama. Ƙauye na kallon ƙauye. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke rabonta. Ba a barin gona ta huta, saboda haka ƙasa ta gaji.

Ga kuma damana da ta canza hali. An yi yunwa a 1984, an yi ƙarancin cimaka a 2005 da 2010. Wata shekara ruwa ya makara, wata shekara ya ɗauke hatsi na cikin bunni, wata kuma ya zo da yawa lokaci guda. A 2024 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a Nijar, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Masana sun ce duniya ce ke ƙara zafi. Hayaƙin masana'antu da na motoci da na gawayin ƙasa yana taruwa a sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Manyan ƙasashe ne suka fi fitar da hayaƙin, amma manomi da makiyayi na Sahel na cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

In rumbu ya ƙare tun kafin bazara, maigida kan tafi cin rani. Wannan tsohon abu ne. Abin da ya sa sunan Kance ya fita a duniya shi ne tafiyar mata da ƙananan yara zuwa bara a Aljeriya.

Abin da ya faru a 2013

A watan Oktoba na 2013, motoci biyu sun tashi daga Arlit za su Tamanraset. Suka lalace cikin sahara, ruwan sha ya ƙare. Da aka je nema, an sami gawa 92: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu mutanen gundumar Kance ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3 a ƙasa duka.

Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga maido da mutane gida cikin manyan motoci. A watan Maris na 2022 kuma an kwaso mabarata daga Dakar ta ƙasar Senegal cikin jirgin sama, da yawansu 'yan Kance da Magarya.

Yaya abin yake tafiya? Mace kan ci bashin kuɗin mota. Ta ɗauki yaranta, wani lokaci har da yaran dangi ko na maƙwabta, da alkawarin za a raba abin da aka samo. A can, yaro ne ke tsayuwa bakin titi da kwano tun safe har dare, don shi aka fi jin tausayi. Kuɗin kuwa hannun manya yake shiga. Yaron bai zaɓi tafiyar ba, ba ya kuma iya cewa ya gaji. Wannan aikin tilas ne, ko da uwa ce ta kai shi. In ya dawo, ya rasa shekarar lakkol. Bai iya karatu ba, bai iya noma ba, bai iya kiwo ba.

Doka ta yi magana. Dokar aiki ta 2012 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki. Dokar 2010 ta hana fataucin mutane. Tun 2003 bautar da mutum laifi ne mai ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A 2015 Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da sabuwar yarjejeniyar yaƙi da aikin tilas. Amma doka ba ta cika rumbu. Uwar da ba ta da tiya ɗaya ta hatsi a ɗaki, tsoron jandarma kaɗai ba zai zaunar da ita ba. Shi ya sa ake maganar kuɗi.

Ina kuɗin zai fito?

Hanya ta farko, aljihun mutanen gari. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, daga baya ya bazu cikin ƙasa har ya ƙetare iyaka. Mata ne ke taruwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Ga misalin lissafi: mata 30, kowa dala 20 a mako, an sami jika 3. A mako 52 an tara jika 156. Daga ciki ake ba mace bashi ta sayi akuya, ko ta yi ƙuli-ƙuli, ko ta sayi irin lambu. Wadda ta sami jari a gida, ba ta bukatar cin bashin mota zuwa Arlit.

Hanya ta biyu, bankin cimaka. Gari ya sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a kulle shi, a sayar wa mutanen gari da sauƙi in damana ta faɗi, tsada ta zo. Amma sai an sami amintattun mutane, da littafin da ake rubuta shiga da fita. Bankuna da yawa sun mutu don an ci bashi ba a biya ba.

Hanya ta uku, taimakon gwamnati da na ƙasashen waje. A 2011 gwamnati da Bankin Duniya sun fara wani shiri a jahohi 5, har da Damagaram, inda aka riƙa ba gidaje masu rauni jika 10 kowane wata, yawanci a hannun matar gida. Hukumar cimaka ta duniya, PAM, ta daɗe tana ba da abinci a lakkol na karkara. Yaron da ya san zai ci tuwo da rana a lakkol, iyayensa sun fi barin sa ya zauna. A 2022, a wani taro a Masar, ƙasashen duniya sun yarda su kafa asusu don ƙasashen da canjin yanayi ya yi wa ɓarna. Sai dai kuɗin waje ba shi da tabbas. Bayan canjin mulki na 2023, masu taimako da dama sun dakatar da nasu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Darasin gawo

Wanda ya bi hanyar Matamaye da rani zai ga gonaki cike da gawo, kore shar. Ba wanda ya kawo su da mota. Bayan yunwar 1984, manoma sun koma barin tsiron itace a gona lokacin sassabe, suna gyara shi. Shi ake kira sassaben zamani. Gawo na zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen kuma taki ne. Da rani 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Masu bincike sun ƙiyasta itace miliyan 200 suka dawo ta haka a Nijar, yawanci a Maraɗi da Damagaram. Magarya da Matamaye da Mirya na kan gaba.

Mutanen da suka iya raya itace da hannunsu, za su iya tsare yaransu. Abin da ya kamata kowane gari ya yi shi ne: mai gari da liman da mushen lakkol da shugabar mata su zauna, su rubuta sunan kowane yaro, su san wanda ke lakkol da wanda ba ya nan. In kuɗin taimako ya zo, a faɗi yawansa a gaban jama'a, a rubuta, a karanta da ƙarfi. Nan ne aikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. Wanda kuma aka zo neman aron ɗansa don tafiya bara, ya ce a'a, ya sanar da mai gari.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya tsare yara, amin.