Jan tuwo da zoɓon kaka

A gidanmu na da, tuwon dare ja ne. Jar dawa ake surfawa a turmi, surfen hannu da ba ya raba ta da dusarta duka, a kai niƙa, a tuƙa, a zuba miyar kuka da daddawa. Mu yara raina shi muke yi, hankalinmu na kan tuwon shinkafa da sai ranar sallah. Zoɓo kuwa, kakata ba ta sa masa komai sai citta da kanumfari. In ka kurɓa ka yamutsa fuska, sai ta yi ta dariya.

Ban san darajar wannan jan ba sai da ciwon suga ya kama yayana. Likita ya ce masa ba sugan kaɗai ne abin tsoro ba, zuciya da hanyoyin jini su ne suka fi kai masu ciwon lahira. Ashe launin nan na dawa da zoɓo daga wasu sinadaran tsirrai ne da ake kira folifenol, waɗanda ake ganin suna rage lahanin da suga ke yi wa bangon jijiyoyin jini. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun ba mutane kofi uku na zoɓo kullum har mako shida, hawan jininsu ya ɗan sauka. A Sifen ma, binciken PREDIMED na mutum sama da 7,000, kusan rabinsu masu ciwon suga, ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu da kusan kashi 30 cikin 100 ga masu yawan cin man zaitun ko 'ya'yan itace dangin gyaɗa, waɗanda su ma suna ɗauke da folifenol.

Kada a ce na ce kaka likita ce. Talauci ne ya hana ta suga, ba ilimi ba, kuma a zamaninta mutum kan yanke jiki ya faɗi a ce iska ce ta buge shi. Amma mu da muka samu wadata, sai muka bi fari: farar shinkafa, fulawa, taliya. Zoɓon ma muka cika shi da suga da filebo, har ya koma lemon kwalba a leda.

Yayana dai ya koma wa jar dawa da zoɓo mai tsami, kuma bai ajiye ƙwayoyin asibiti ba. Kai ma mai ciwon, kada ka ajiye naka.