Wa Zai Zauna a Madadin Mai Ɗorawa?

Matafiyin da ya baro Kano ta Wudil, ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Gwaram har Basirka, zai ga wata Jigawa daban da wadda aka saba bayarwa labari. Babu jigayin rairayi irin na Maigatari ko Birniwa. Duwatsu ne da fadamu da itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, kuka, tsamiya, marke, ƙirya. Daga iyakar Gwaram dajin ya miƙe har ya haɗe da na Balmo ta wajen Darazo, a Jihar Bauchi. Zai kuma ga buhunan gawayi a jere a bakin titi suna jiran motocin birni, duk da haramcin da gwamnatin jiha ta sa a kan sare itace ba da izini ba.

A al'adar ƙasar Hausa, itace mai 'ya'ya yana da mai shi, kuma ba lallai ne ya zama mai gonar ba. Mutum kan ba da jinginar gona ya riƙe ɗorawar da ke cikinta. Akan raba gado gona ta faɗa hannun wani, tsamiya ta zama ta gida duka. A daji kuwa haƙƙoƙin sun hau kan juna: matar da ke tara kalwa don daddawar da za ta kai kasuwar Sara, mai tsintar kaɗe, Bafulatanin da ke sauke wa shanunsa ganye da bazara, maƙerin da ba ya son gawayin da ba na ƙirya ba, masassaƙin turmi. Kowa ya san iyakarsa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke riƙe da takarda.

Takardar tana wani wuri, kuma tarihinta da jirgin ƙasa ya fara. Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a mulkin Arewa a 1907, injiniyan dogo ne. A zamaninsa aka soma shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, wanda ya iso Kano a 1911. Shi ne kuma ya matsa a sake fasalin mallakar ƙasa, abin da ya haifar da dokar 1910 wadda ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna, wai don amfanin 'yan ƙasa. Daga baya En'e ta shata gandayen daji, ta zuba malaman daji su tsare. Dokar 1962 ta gaji ta 1910, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗauki tsarin ta shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya. Yau gwamnan jiha ne ke riƙe da ƙasa a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin kowa idan maslahar jama'a ta buƙata, sashe na 29 kuma ya tanadi diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan ƙasar kanta ba.

Kalmar amana tana da daɗin ji. Abin tambaya shi ne yadda mai riƙon amana ke yi idan mai jari ya zo masa da alkawari, kuma akwai wani tsohon labari daga can ƙarshen duniya da ya amsa wannan dalla-dalla.

A Niyu Zilan, ƙabilar Ngati Tuwaretowa ta al'ummar Mawori tana da dazuzzukan katako masu daraja a yammacin tafkin Taupo. A 1906 shugabanninta suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin katako na Tongariro: kamfani zai sare itace ya biya kuɗi, zai kuma shimfiɗa dogo mai tsawon mil 40 daga Kakahi, inda babban layin ƙasar ya ratsa, zuwa bakin tafkin. Saboda dogon ne masu daji suka amince da farashi mai sauƙi, domin suna ganin zai buɗe musu ƙasarsu. Kamfanin bai samu jari ba. Wa'adi ya cika, majalisar dokoki ta ƙara masa lokaci. Ya sake cika, aka sake ƙarawa. Duk tsawon wannan jira dajin yana ɗaure, masu shi ba su da ikon sayar wa wani, gwamnati kuwa tana sayen kason wasunsu ɗaya bayan ɗaya. An yi fiye da shekara 20 kafin a soke yarjejeniyar, ba a kuma taɓa ganin jirgin ba.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Wani kamfani mai suna Egmont Box, wanda ya zuba kuɗi a harkar, ya nemi a biya shi. Dokar da aka yi a 1935 ta sa aka ba shi fam 23,500, aka ɗora bashin a kan filayen Mawori. Shugaban ƙabilar, Hoani Te Heuheu Tukino, ya kai ƙara har kotun ƙolin daular Birtaniya a Landan, yana kafa hujja da yarjejeniyar Waitangi ta 1840 wadda ta lamunce wa Mawori filayensu da dazuzzukansu. A 1941 alƙalai suka yanke cewa kotu ba ta iya tilasta aiki da yarjejeniyar sai idan majalisa ta shigar da ita cikin doka. Sai a 2017 gwamnatin ƙasar ta sa hannu a sulhu da ƙabilar, ta nemi afuwa a rubuce.

Mawori suna da takardun mallaka, suna da yarjejeniya da Sarauniyar Ingila, da sa hannun shugabanninsu aka fara cinikin. Duk da haka, da zarar tattaunawa ta koma tsakanin gwamnati da kamfani, sai suka zama 'yan kallo a kan dukiyarsu. Mai ɗorawa a Gwaram ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Kuma ba sai an je nesa ba: lokacin da gwamnatin Jigawa ta ware hekta 12,000 a yankin Gagarawa da maƙwabtansa don noman rake na wani kamfani, a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, ƙorafin manoma da yawa shi ne sun ji labari ne bayan an gama magana. Aikin yi da ci gaba aka yi musu alkawari, kamar yadda aka yi wa Mawori alkawarin dogo. Matsalar irin wannan ciniki ita ce ƙasa ana bayar da ita yau, alkawari kuwa sai wata rana.

Tsohon layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta arewa ya bi: Ringim, Gagarawa, Malam Madori. Kudancin jihar bai taɓa jin kukan jirgi ba, kuma wataƙila hakan na cikin abin da ya bar masa itatuwansa. Yanzu aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, yana da reshe zuwa Dutse, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Birnin Kudu. Alheri ne, babu mai hankalin da zai ƙi shi. Amma idan sufuri ya yi arha, daji da fili sukan yi tsada, masu neman a yanka musu gandun daji kuma za su ƙaru a ofisoshin Dutse.

Ranar da aka kira irin wannan zama, hakimi zai halarta, da shugaban ƙaramar hukuma, da jami'in ma'aikatar ƙasa da safiyo, da lauyan kamfani. Kafin a sa hannu, ya kamata wani ya nemi a nuna masa layin da ya faɗi ranar da fili zai koma hannun mutanensa idan ba a cika alkawari ba, da wanda zai ɗauki bashi idan kamfani ya karye. Mai ƙididdigar diyya kuwa zai zo daga baya da jadawalinsa, ya ƙirga ɗorawa a matsayin itace guda mai farashi guda, ya rubuta sunan mai gona. Matar da ta shekara talatin tana roron ta ba ta cikin jadawalin.