Zuwa Ga Ɗana, Kafin Sanyi Ya Shigo

Ɗana,

Wannan takarda za ta same ka a Yamai kafin ka dawo bayan girbi. Kai ne ɗan fari, ka kuwa san yadda muke: ko sunanka ban saba kira ba, balle in zaunar da kai mu yi doguwar hira. Shi ya sa na rubuta.

Kuɗin da ka aiko sun iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce a saya wa kakarka murhun ƙarfe saboda sanyi, a ajiye wani kuma don ɗakin amaryarka. Ban saya ba tukuna, kuɗinka suna nan cif. Tun kana ƙarami hannunka a buɗe yake, abin da ya fi faranta mini rai game da kai ke nan. Amma kana da gaggawa. Kakan ba mutum abin da kai ka ga ya dace da shi tun kafin ka tambaye shi abin da yake bukata. A zaman aure wannan hali yana sa mace ta yi godiya da baki, ta haɗiye sauran maganar a ciki.

Ka fara gane wannan: murhun da ke tsimin icce daban, abin ɗumama ɗaki daban. Murhun duwatsu uku da muka gada yana watsa zafinsa ko'ina, shi ya sa yara ke kewaye shi da asuba suna jin ɗumi, shi ya sa kuma yake cinye dami kafin tuwo ya nuna. Murhun tsimi kuwa yana tattara zafin ne ya kai shi gindin tukunya. Iyakar kyansa a girki, iyakar rowarsa ga mai jin ɗari. Wanda ya ce maka murhu ɗaya zai yi maka duka biyun ba tare da asara ba, ciniki yake nema.

A shekarun 1980, lokacin da farin 1984 ya bar mana daji tsirara, aka yi ta yaɗa iri biyu a ƙasar nan. Akwai Albarka, wanda ake ginawa da laka a cuɗa da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi. Akwai Mai Sauƙi na ƙarfe, wanda maƙera ke yankawa daga tsohuwar ganga. Na ƙarfe yana ɗaukar zafi nan da nan, ana iya ɗaga shi a kai inuwa ko a juya shi idan iska ta sauya. Amma da wuta ta mutu shi ma ya huce, yaro mai rarrafe kuma idan ya dafa shi sai ƙuna. Tsatsa tana cin gindinsa idan ana barin toka da ruwa a ciki. Na laka ba ya motsi, ruwan damina yana zaizaye shi idan ba rumfa, yana tsagewa sai an riƙa yi masa yaɓe. To amma ba a biyan ko dala, yana zama daram lokacin tuƙin tuwo, jikinsa kuma yana riƙe ɗumi har bayan an kwashe abinci. Ni dai a gidan da ake tuƙa babbar tukunya kullum, na laka na fi so. Na ƙarfe ya zama na miya da ruwan zafi.

Kowanne ka zaɓa, tukunya ce ma'auni. Kada ka je kasuwar Filinge ko Baleyara hannu rabbana ka ce a ba ka mai kyau. Ka tafi da tukunyar da za a riƙa ɗorawa. Ta shige cikin murhun har kusan wuyanta, tsakaninta da bango ya zama kamar kaurin yatsa. In ya fi haka faɗi, zafi ya tsere sama. In ya matse, wuta ta shaƙe ta koma hayaƙi. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen ka ji kaurinsa, ka girgiza shi ka ga ko zai jure muciya. In kana son hujja, ka raba icce gida biyu daidai, a dafa wake mudu ɗaya a tsohon murhu, mudu ɗaya a sabon, ka duba abin da ya rage.

Kada ka raina ragowar nan. Sa'ad da nake yaro, geza da sabara da taramniya suna nan bayan gari, yarinya takan je ta dawo kafin hantsi. Yau ƙannenka mata sai sun hau tudu sun yi nisa, manyan motoci kuma suna wucewa da lodin icce zuwa Yamai. Tun 1992 aka yi dokar kasuwannin icce na karkara don mutanen ƙauye su kula da dajinsu su kuma ci moriyarsa, amma doka ba ta tsiro da bishiya. Idan icce ya yi wuya sai a koma kan kara da kashin shanu, waɗanda gona ce ke da haƙƙinsu. Daga nan sai ido ya koma kan gawon da ke cikin kwarin Dallol. Kada gatarinka ya taɓa gawo, ɗana. Shi ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, shi ke ciyar da awaki da rani.

Akwai abin da nake so ka ji daga bakina. Lokacin da mata suka zo koyar da ginin Albarka a garin nan, Innarka ta roƙe ni in ɗebo mata laka da amalanke. Na ce sai an jima, don a ganina madafa ba wurin namiji ba ne. Shekaru suka wuce kafin in ɗebo. Ita ce ta zauna cikin hayaƙin, da kai goye a bayanta. Ka san yadda idonta ke zubar da ruwa yanzu, ka san tarin da ke tashin ta da dare. Ba ta taɓa yi mini gori ba, wannan ne ma ya fi yi mini nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara. Idan na ji wannan lissafi, fuskarta nake gani.

Batun ɗumama ɗakin kakarka kuwa, a nan nake so ka nutsu sosai. Sanyinmu bai fi na Disamba da Janairu ba, sai ɗan abin da ya taɓa Fabrairu. A ƙasashen ƙanƙara suna da murhun ƙarfe mai ƙofa da bututun da ke fitar da hayaƙi ta rufi. Mai walda zai iya yi maka irinsa, amma a ɗaki mai rufin kara da zana, bututu mai zafi gobara ce ake gayyata. Abin da ya dace da mu shi ne kaskon garwashi, in an bi ƙa'idarsa. A hura busasshen icce a waje har hayaƙi ya ƙare, ya zama jan garwashi. A shigar da kaskon a ɗora kan yashi, nesa da tabarma da bakin zane. Ɗaki ya yi ɗumi, a fitar da shi kafin a kwanta. Garwashi ko ba hayaƙi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. A rufaffen ɗaki takan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai a tarar da shi da safe. Kakarka za ta ce ta shekara tamanin tana kwana da wuta. Ka amsa mata da ladabi, sannan ka fitar da kaskon, ka bar taga a ɗan buɗe. Haka za ka yi ranar da Allah ya ba matarka haihuwa, don ɗakin maijego ne aka fi cikawa da wuta a kuma toshe ko'ina.

Na san za ka ce gas, tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 ya yawaita a birni. Yana da kyau ga ido da ƙirji, in kana da halin sauya tukunyar gas ɗin duk sa'ad da ta ƙare, ka saya. Sai dai ba zai ɗumama ƙafar tsohuwa ba.

Idan ka iso, kafin ka taɓa kuɗin nan, ka sa ƙanwarka ta tambayo amaryar irin tukwanen da za a kawo mata da inda take son madafarta. Laka kuwa ni da kai za mu ɗebo, na riga na yi magana da mai amalanke. Ka taho da bargo biyu masu kauri daga Yamai, ɗaya na kakarka, ɗaya na Innarka. Duk gida suna gaishe ka. Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifinka,
Damana