Wasiƙa ga ƙanena kan esin tirela mai ɗaukewa yana dawowa

Ƙanena,



Saƙonka ya iso kan DAF ɗin nan da esinta ke ɗaukewa a hanya, amma da an kawo ta gabanka sai ta yi ta busa sanyi lafiya ƙalau. Ka ce mai motar ya yarda a sayo sabuwar kwamfuresa. Don Allah ka dakata. Kwamfuresar da ta mutu ba ta farfaɗowa da safe ta sake mutuwa da azahar. Cutar da ke zuwa tana tafiya, galibi wuta ce ke yankewa a wani wuri, ko kuma wani suwic ne ke yanke ta da gangan don kare injin. Ba ka gane wanne ne sai ka kama abin a daidai lokacin da yake faruwa.

Kafin ka taɓa sifana, ka zaunar da direban, kai har da yaron motar, don sau da yawa ya fi maigidansa lura. Idan sanyin ya ɗauke, fankar cikin mota tana ci gaba da busa iska mai ɗumi, ko ita ma shiru take yi? Wannan tambayar kaɗai ta raba maka aikin gida biyu. In fanka ce ke tsayawa, ka duba gawayinta, da soket ɗinta, da rezistarta. Fankar da ke aiki a lamba ta ƙarshe kawai, rezista ce ta ƙone. In kuwa fanka na juyawa sanyi ne babu, galibi kulocin kwamfuresa ne ya saki. Sai ka tambayi direban yaushe abin ke faruwa: a gargada, ko bayan doguwar tafiya inji ya yi zafi, ko da tsakar rana a cunkoson Legas?

Na fi zargin zafi, don haka zan daɗe a nan. Kulocin nan maganaɗisu ne: wuta ta shiga kwayil, ya jawo faranti ya manne da fuli. Tsakanin farantin da fulin akwai 'yar tazara, a yawancin kwamfuresar Sanden daga milimita 0.4 zuwa 0.8. Shekaru suna cin farantin, tazarar ta buɗe. Da safe kwayil na da sanyi, ƙarfinsa ya isa ya jawo. Da ya ɗau zafi sai wutar da ke ratsa shi ta ragu, jan ya yi rauni, idan ya saki sau ɗaya ba ya iya sake kamawa sai ya huce. Shi ya sa motar ke warkewa a garejinka. Ka bar injin ya yi ta aiki har sanyin ya ɗauke, sannan ka auna wutar da ke bakin soket ɗin kuloci. In wuta na nan kuloci bai kama ba, ka ɗan ƙwanƙwasa fuskar farantin da doguwar sanda, kana nesa da bel, hannun riga a naɗe. Ya kama nan take? To tazara ce. Ka kashe mota, ka kwance farantin, ka cire wasa guda daga cikin siraran da ke bayansa, ka sake aunawa. Aikin da bai kai kuɗin abincin rana ba ke nan.

In kuma babu wuta a soket ɗin, sai ka bi ta baya. Motar nan batir biyu ne masu bolt 12 aka jera suka ba da 24, kuma inji na aiki ya kamata mita ta nuna maka wajen 28. Amma kada mita ta ruɗe ka. Wayar da ta tsinke saura silli ɗaya za ta nuna maka cikakkiyar wuta muddin babu abin da ke jan ta. Ka sa ƙwan sigina mai wat 21 a madadin kuloci, ka ga ko zai haska sosai. Yana kunne, ka sa yaro ya zuba masa ido, kai kuma ka bi damin wayoyi kana girgizawa gaɓa gaɓa. Inda ƙwan ya ƙifta, nan ɓarawon yake. Ka fi matsa wa wurin da wayoyi ke fita daga kan mota zuwa shasi, domin duk sanda aka ɗaga kan nan suna lanƙwashewa, kuma tagulla kan karye a ciki roba tana nan lafiya. Ka kwance wayar as, ka kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari. Soket mai kore-kore ko wanda bakinsa ya saki, a canza shi, selotef ba ya maganinsa.

Rile ba ya buƙatar dogon bincike. Ka musanya shi da wani irinsa daga akwatin fiyus, ka ga ko cutar ta bi shi.

Saura suwic na matsin gas, wanda ake yawan ɗora wa laifin da ba nasa ba. Aikinsa ne ya yanke wuta idan gas ɗin R134a ya yi ƙasa ƙwarai ko matsinsa ya haura. Kondansar da ƙurar hunturu da ƙwarin dare suka toshe, ga mota a tsaye cikin rana babu iskar hanya, dole matsi ya hau, suwic ya yanke, in ya sauka ya mayar. Direba zai rantse maka wuta ce, alhali wanki kondansar ke so. Ka ɗaura geji ka gani da idonka. Haka kuma in iskar ce ke raguwa sannu a hankali a doguwar tafiya, ta dawo bayan an kashe esi na ɗan lokaci, ƙanƙara ce ke toshe ciki, sai ka duba sensar da ke hana daskarewa.

Na san abin da wasu ke yi a bakin hanya: su haɗe ƙafafun suwic ɗin da guntuwar waya, sanyi ya dawo, direba ya biya yana godiya. Wannan ha'inci ne, don ranar da gas ya zube kwamfuresa za ta yi ta juyawa mai ba ya zagayo mata har ta cije. In suwic mai ƙafa biyu ne, ka haɗe shi na 'yan daƙiƙoƙi don gwaji ka cire. In mai ƙafa uku ne, galibi sensa ce da ke aiki da bolt 5 daga kwamfutar mota, kada ka kusance ta da waya ko ƙwai, sai mita. Fiyus ma da ya ƙone, kada ka sa wanda ya fi shi girma.

In duk ka yi wannan ta ƙi nuna halinta, ka ja waya daga soket ɗin kuloci zuwa ƙaramin ƙwai a gaban direba, ya tafi da ita Kaduna ya dawo. Sanyi ya ɗauke ƙwai na ci, laifin kuloci ne ko gas. Ƙwan ya mutu tare da sanyin, laifin yana baya.

Ka gaya wa mai motar ya riƙe kuɗinsa tukuna, ka kuma aiko mini da abin da mita ta nuna da tazarar da ka samu. Ka gaishe da maigidanka da mutanen gida.

Wassalam,
Yayanka.