Hoton Fakarar Tudu A Arewacin Ingila

Tun da assalatu mutumin ya bar masaukinsa, ya kama hanyar da ta ratsa tuddan Yokshaya ta Arewa a ƙasar Ingila. Watan Oktoba ne, watau tsakiyar kakar Turai, sa'ad da rana ba ta ɓullowa sai bayan ƙarfe 7 na safe. Kayan aikinsa kyamara ce mai dogon baki, da ɗan buhun wake wanda zai ɗora ta a kai don kada hannu ya yi rawa, da gorar shayi. Da ya kai inda hanya ta yi kwana a kan tudu, sai ya kashe mota, ya sauke gilashi, ya zauna yana jira.

Abin da ya fito nema wani tsuntsu ne da Turawa su ke kira jan giraus. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, sai a ce fakara ce ta tudu, amma ta fi tamu ja. Nauyinta wajen giram 600 ne. Ƙafafunta lulluɓe su ke da farin gashi har yatsu, kamar ta sa safa, namijin kuma yana da jar fata bisa kowane ido, kamar gira. Ba a samun ta a wata ƙasa sai Birtaniya da Ailan.

Rayuwarta duka ta rataya ne a kan wani gajeren tsiro da ake kira heda, wanda bai cika wuce gwiwa ba. Tohonsa da furensa da 'ya'yansa su ne abincinta, a cikinsa ta ke ƙwai, a cikinsa ta ke ɓuya. A watan Agusta ya kan yi fure shunayya, tudu ya rufe iyakar ganin ido. Kafin Oktoba furen ya bushe ya koma launin tsatsa, daidai da launin bayan tsuntsuwar. Wannan shi ne wahalar mai hoto, domin kuwa tana iya kwanciya taku goma daga inda ya ke bai gan ta ba.

Amma fa ya san halinta. Ya san tana gudun mutum a tsaye, ba ta cika kula da mota a tsaye ba. Ya san ta kan fito bakin hanya da sassafe ta tsinci tsakuwa, saboda ganyen heda yana da tauri, sai da tsakuwa ƙundunta ke niƙa shi. Ya kuma san cewa da kaka ne mazan su ke rabon fili, kowanne ya hau dutse ko tsibi ya yi kuka don ya shaida wa 'yan'uwansa iyakarsa. Turawa sun ce kukan nan ya yi kama da mai cewa a koma baya.

Mai haƙuri, in ji masu iya magana, ya kan dafa dutse. Sai da ya yi kusan sa'a biyu, shayi ya huce, yatsu suka sandare, sa'an nan wani namiji ya tashi fir daga cikin heda, ya sauka a kan wani dutse, ya miƙe wuya. Hazo ya fara yayewa, hasken rana na zuwa daga gefe, jar girar nan tana ƙyalli. Mutumin ya ɗora kyamara a kan buhun wake, ya daidaita ta a kan idon tsuntsun, don in ido bai fito sarai ba hoton tsuntsu ya lalace. Ya riƙe numfashi.

A nan ne ya tsaya yana shawara da zuciyarsa. In ya karkata kyamarar kaɗan zuwa hagu, abin da zai fito shi ne tsuntsu da dutse da heda da sararin sama, irin hoton da ake bugawa a kalanda, wanda mai kallo zai ce wannan daji ne da hannun ɗan Adam bai taɓa ba. In kuwa ya bar ta yadda ta ke, a bayan tsuntsun za a ga wani baƙin fili da aka ƙone, da jerin maɓoya na duwatsu a gindin tudu.

To, mai karatu, ga abin da waɗannan abubuwa biyu su ke nufi. Yawancin tuddan nan gandun farauta ne na masu ƙasa. Fakarar tudu ba ta kiwuwa a keji a sake ta, saboda haka filin ake gyara mata don ta yawaita. Ana ƙone heda yanki-yanki, daga Oktoba zuwa bazara, domin sabon toho ya fito ta ci, tsohon da aka bari kuma ya zama mafaka. Ana kashe hankaki da namun dajin da ke cin ƙwanta. Ana ajiye mata tsakuwa mai magani don tsutsar ciki. Sa'an nan daga ran 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba, 'yan kora su kan jeru da tutoci su koro tsuntsayen zuwa maɓoyan nan, inda maharba ke jira. Wannan al'ada ta bunƙasa ne a ƙarni na 19, bayan jirgin ƙasa ya sauƙaƙa wa attajiran Landan zuwa arewa.

Jayayya a kan wannan al'amari ba ƙarama ba ce. Masu gandu da ma'aikatansu suna cewa farautar ce ke ciyar da ƙauyukan tudu, kuma kashe mafarautan ƙwai yana amfanin waɗansu tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa. Masu suka kuwa suna cewa ƙuna tana lalata baƙar ƙasar ruɓaɓɓun ciyayi da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin heda. Suna kuma nuni da wani irin shaho mai cin 'yan tsakin fakarar, wanda doka ta hana a taɓa shi, amma ana samun gawarsa a kusa da waɗansu gandaye. A shekarar 2021 Ingila ta taƙaita ƙuna a kan irin wannan ƙasa mai zurfi a wuraren da aka keɓe. A 2024 majalisar Sikotilan ta yi dokar da ta ce ba a harbin fakarar tudu a wani fili sai da lasisi, kuma ana iya ƙwace lasisin in aka sami shaidar kashe tsuntsayen da doka ta kare.

Mutumin nan ba alƙali ba ne, bai kuma fito don ya raba wannan gardama ba. Amma ya san mutane sun yarda gani ya kori ji, shi ya sa hoto ke iya ruɗinsu ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Tsuntsun gaskiya ne, dutsen gaskiya ne, abin da aka ture gefe shi ke canza labarin. Wanda ya ga hoton kalanda ba zai taɓa tambayar don me tsuntsayen suka yi yawa haka ba, balle ya san wanda ya ke kallo yana iya faɗawa jakar maharbi kafin Disamba.

Bai karkata kyamarar ba. Ya danna sau uku, baƙin filin da maɓoyan duwatsun suna nan a baya, sun ɗan dushe amma ana gane su. Tsuntsun ya sake kuka, ya sauko daga dutsen, ya shige cikin heda. Mutumin bai fita ya bi shi ba, don kowane tashi da aka tilasta wa tsuntsu da sanyi ƙarfinsa ya ke ci. Ya jira har ganyen ya daina motsi, sa'an nan ya ɗaga gilashi, ya ta da mota a hankali.