Ƙibar "sha ka fashe" ba lafiya ba ce

Jama'a, yau raina ya ɓaci, kuma sai na faɗa. Ɗazu wata uwa ta shigo shago da 'yarta da za a aurar bayan Sallah, wai in ba su ƙwayar "sha ka fashe" yarinya ta ciko kafin biki. Da na ce Hajiya ki yi haƙuri, sai ta ce ai za su samu wajen masu maganin dabbobi a nan Kasuwar Shanu. Subhanallahi! Abin da ake ɗirka wa sa da rago shi za a bai wa 'yar mutum?

Kun san na daɗe ina sayar da magani a unguwar nan. Yawancin ƙwayoyin nan dexamethasone ne. Allah ya yi mana namu sinadarin, kotisol, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda ke fitarwa daidai buƙata. In kika riƙa haɗiyar na kanti kullum, sai su daina aiki, ma'aunin jiki ya rikice. Fuska ta kumbura, tumbi ya fito, kitse ya taru a bayan wuya, hannu da ƙafa kuwa su tsotse. Sai nankarwa, hawan jini, ciwon suga, ƙashi ya yi rauni, gyambo ya ƙi warkewa. Al'ada ta rikice, ciki ya ƙi samuwa, a ce sammu ne ko aljanu, a kwashi kuɗi a kai wa boka.

Mayukan bilicin da yawa ma akwai dangin dexamethasone a ciki, ta fata yake shiga jini. Ba banza ba NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023.

Na san za a ce ina kashe wa mutane kasuwa, ko a ce ai likitoci ma suna rubuta dexamethasone. Ƙwarai kuwa. Ana ba masu asma, kuma a 2020 binciken Jami'ar Oxford ya nuna yana ceton masu korona da numfashi ya gagare su. Amma da awo ake bayarwa, da ranar dainawa. Ban kuma ce duk rikicewar al'ada daga ƙwaya take ba. Akwai ta maƙoƙo, akwai ta ƙwan mace. Gwajin jini da hoto ke rarrabewa.

'Yar uwa, in kin jima kina sha, kada ki yanke rana ɗaya, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Ɗauki kwalin ki je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, a rage miki sannu a hankali.

Ku kuma maza da dangin miji masu yi wa amarya gorin rama, da bakinku ake sayen ƙwayar nan. Jiki amana ne, za a tambaye mu. Ku ji tsoron Allah ku bar yaran mutane yadda Ya halicce su.