Ana Ciniki, Amma Ina Ribar Take Shiga?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, duk ɗan kasuwar da ka taɓa kukansa ɗaya ne: ana ciniki, ba a ganin kuɗi. Ni ma na daɗe ina wannan kukan.

Atamfa da leshi nake sayarwa, wasu a shago, wasu ta WhatsApp. Lissafina na da ba wuya: in haɗa kuɗin haya, wuta, data da albashin yaron shago, in raba wa kowane turmi daidai. A takarda kowane turmi da ribarsa. Ƙarshen wata kuwa aljihu wayam.

Ƙanena da ke karatun akanta ne ya ce, "Yaya, ba turmi ke cin kuɗinka ba, hidimar da ake yi kafin a sayar da shi ce." Ya ba ni labarin tsarin da Robin Cooper da Robert Kaplan na jami'ar Harvard suka yaɗa a ƙarshen shekarun 1980: ka bi kowane aiki ka ga nawa yake lashewa, sannan ka ɗora kuɗin a kan wanda ya jawo aikin.

Da na gwada, wallahi sai jikina ya yi sanyi. Mai sari zai kira sau ɗaya, ya ɗauki turmi ashirin, ya turo kuɗi, a kai masa tasha, shi ke nan. Mai sayen turmi ɗaya ta waya kuwa sai na tura hotuna goma sha, a ce a yi bidiyo, a shafe awa ana ciniki, in biya ɗan sahu, wani lokacin a dawo da kayan wai kalar ba ita ce ta hoto ba. Ashe ribar mai sari ce ke rufe wannan ramin ban sani ba.

Mun ɗauka ciniki ta waya kyauta ne. Ina! A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Ga cajin banki, ga lokacinka. Amma wayar nan dai ita ce ta sauƙaƙa lissafin. A 2004 Kaplan da Steven Anderson sun ce a auna aiki da mintunan da yake ci. Yau manhajar banki da hirar WhatsApp sun ajiye maka kwanan wata da lokaci, dubawa kawai ya rage.

Ban kori kowa ba. Na ware kuɗin kai kaya daban, na jera hotuna da farashi a WhatsApp Business, kowa ya duba da kansa. Tsofaffin kwastomomi kuma ina ɗaga musu ƙafa, amma yanzu na san nawa nake yafewa.

Kai ma zauna ka duba naka wannan makon. Allah Ya sanya albarka a kasuwancinmu.